Yadda Na Yi wa Wuƙar Baba Sabuwar Ƙota

A Agege aka yanke mini cibiya, a nan na yi wayo, kuma tun da na buɗi ido abu biyu na sani a aljihun gaban rigar Baba: carbi da wata ƙaramar wuƙa mai naɗewa. Fataucin goro yake yi, sana'ar da ya gada kaka da kakanni. Yakan ce mutanen da a ƙasa suke zuwa Gwanja da jakuna, su yi watanni a hanya kafin goro ya iso Kano. Da aka shiga noma shi a ƙasar Yarbawa, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai hanya ta juyo Kurmi, Hausawa suka yi zango a Agege har zangon ya zama gari. Mu 'ya'yan wannan zangon ne. Muna jin Yarbanci kamar Hausa, amma tuwo muke ci da dare.

Wuƙar nan ba ta hutawa. Da ita yake yanke igiyar huhu, da ita yake gyara ganyen fita, da ita yake fasa goro ya nuna wa mai saye cikinsa. In ya ga sankara ta taɓa ƙwaya ɗaya, sai ya sa tsinin ya ƙwaƙule wurin a hankali, ya ware ta gefe don kada ta ɓata sauran. A gida kuwa ita ke feraye mana rake, ita ke fiƙe mana alƙalamin kara lokacin muna makarantar allo. Tana da wata ƙara da ban taɓa ji a wata wuƙa ba. In zai buɗe ta sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, sannan ta ce taf, ta kulle. In zai rufe kuma sai ya sa yatsa a wani zobe da ke bayanta ya ja. Muna daga cikin ɗaki, da mun ji wannan ƙarar a tsakar gida mun san Baba ya dawo.

Ni ne ɗan da ya raina sana'ar. Da na kawo ƙarfi na ga sa'o'ina suna hawa babur suna dawowa da kuɗi kullum, sai na ce acaɓa zan yi. Baba ya so in zauna kusa da shi in koyi goro, in san daushe da sabo, in san marsa da minu, in san wanda zai kai Kano lafiya da wanda zai lalace a hanya. Wata ranar Juma'a da yamma, a gaban abokansa, na ce masa goro sana'ar tsofaffi ce, ni ba zan ƙare rayuwata ina yayyafa wa ganye ruwa ba. Bai ce mini kanzil ba. Wuƙar na hannunsa a buɗe, sai ya ja zoben, ya rufe ta, ya mayar aljihu, ya ci gaba da hirarsa. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Muka ci gaba da zama lafiya bayan haka, ina gaishe shi yana amsawa, ina kawo abin da ya samu yana sa albarka, amma bakina bai taɓa buɗewa na ce ya yafe mini wannan maganar ba. A shekarar korona Allah ya karɓi abinsa bayan 'yar gajeruwar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ranar 1 ga Yuni, 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas, ciki har da Ikeja inda na fi samun fasinja. Na ɗan lallaɓa a lunguna, na ga abin ba mai ɗorewa ba ne, na sayar da babur ɗin da asara. Ga mata, ga yara uku, ga kuɗin haya. Na shiga zaman kashe wando, abin duniya ya ishe ni. Wanda bai taɓa fita da asuba ya dawo da dare hannu rabbana ba, ba zai gane nauyin sallamar da mutum ke yi a ƙofar gidansa a irin wannan rana ba.

Cikin daminar nan ɗakin Inna ya fara yoyo. Na je kwashe mata kaya, muka jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ashe ruwa ya daɗe yana shiga ta ƙasansa. A can ƙurya, naɗe cikin wata tsohuwar hular Baba, na ci karo da wuƙar. Gabana ya faɗi. Tsatsa ta cinye ta ta yi jawur, ta ƙi buɗuwa, itacen ƙotar ya kumbura ya tsage gida biyu, gefe ɗaya ma ya ruɓe har yana marmashewa a hannu. Iskar Legas ba ta raga wa ƙarfe, danshi ne da gishirin teku, balle ƙarfen da ya shekara biyu a jiƙe. Inna ba ta gani sosai, yanar ido ta rufe mata gani. Ta ce, "Mene ne ka yi shiru?" Na ce wuƙar Baba ce. Ta ce, "Ni na ɓoye ta ranar da aka fita da shi. Ban iya jin wani ya buɗe ta ba."

Wuƙar kayan gado ce, komai ƙanƙantarta, don haka ban taɓa ta ba sai da na nemi izini. 'Yan'uwana mata suka ce sun bar mini. Yaya ne ya ƙi. Na same shi a rumfarsa ta albasa a Mile 12, ya juya ta a hannu ya ce, "Itacen da hannun Baba ya shekara arba'in yana riƙewa kake so ka ɓalle ka yar? Bar ta yadda take." Na ce, "Yaya, tsatsa ba ta jiran kowa. In muka bar ta, nan da 'yan shekaru ƙasa za mu tarar a cikin hular." Ya daɗe bai yi magana ba. Daga baya ya ce ya yarda, da sharaɗin duk ɓarɓashin itacen da ya fita in tattara in kawo masa. Har yau ina ganin yana da gaskiyarsa, kuma ban ce tawa ta fi tasa ba.

Akwai wani tsohon maƙeri kusa da layin dogo, aminin Baba ne, garinsu ɗaya da Inna, shi ya sa muke ce masa Kawu. Wuƙaƙen mahauta da na masu tsire yake ƙerawa. Da na miƙa masa, bai tambayi ta wace ce ba. Ya dai share ido da bakin riga ya ce, "Jefa ta a kalanzir, ka dawo bayan kwana uku." Ranar na uku ya ɗiga mata baƙin mai, ya riƙa motsa ta kaɗan-kaɗan kamar mai ɗori, har ta yarda ta buɗe. Da muka goge gindin ƙarfen sai ga hoton wata dabba da rubutu. Okapi, kuma an rubuta cewa ƙirar Jamus ce. Daga baya na bincika a waya na gane cewa tun 1902 aka fara ƙera irinta a garin Solingen, domin a sayar a ƙasashen Afirka da Jamus ta mallaka a lokacin, sannan a 1988 aka mayar da aikin Afirka ta Kudu. Ke nan ta Baba ta riga wannan ƙaura. Dabbar kuwa a dajin Kwango take, 'yar'uwar raƙumin dawa ce, ƙafafunta da zane kamar na jakin dawa. Na yi shekaru ina ganin wuƙar nan ban taɓa duba ta da kyau ba sai da mai ita ya tafi.

Na ce, "Kawu, nawa za ka yi mini ƙota?" Ya ce, "Ba zan yi ba. Kai za ka yi, ni ido ne. Maƙwabtanmu Yarbawa na cewa komai kaifin wuƙa ba ta sassaƙa ƙotarta. Wani ne zai yi mata, kuma ba ni ne ɗansa ba."

Ya fara da nuna mini yadda take aiki. Ƙotar asali itace ɗaya ce da aka tsaga mata hanya a tsakiya inda kaifin ke kwanciya. A bayanta, daga waje, wani siririn ƙarfe mai tsalle ya kwanta, shi ne ke ɗauke da zoben. Gindin wuƙar yana da haƙora, su ne ke gogar wannan ƙarfen su ba da ƙas-ƙas ɗin nan, sannan wani ɗan ƙulli ya faɗa rami ta kulle. In ka ja zobe, ƙarfen ya ɗaga, ƙullin ya fita, ta rufu. Da magagari na cinye kawunan ƙusoshin da suka riƙe ta, na sa wata ƙusa mai dakusasshen baki na buga su suka fita. A jikin itacen akwai adon farin ƙarfe, jinjirin wata da taurari. Watan da tauraro ɗaya kawai na iya cetowa, na ƙulle su a takarda.

A kan ƙarfen ne muka fara saɓani. Shekaru na wasawa sun cinye tsakiyar kaifin har ya yi ƙugu, ya lotsa ciki. Ga kuma baƙaƙen ramuka da tsatsa ta bari. Ni so nake in kai wa masu injin wasa wuƙa su miƙar da shi, su goge shi ya yi ƙyalli kamar sabo. Kawu ya riƙe mini hannu. Ya ce dutsen inji yana zafafa ƙarfe, da zarar ka ga bakin ya yi shuɗi to taurin da aka ba shi a masana'anta ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Sannan ya ɗauko goro daga aljihu ya ɗora a wannan lotsawar. Ya zauna daram, kamar don shi aka yi wurin. Ya ce, "Wannan ƙugun ba lalacewa ba ne, ɗana. Aikin mahaifinka ne. Tsatsa za ka cire, ba shi ba." Sai na zauna da samfefa da ɗan mai, da hannu, na bi ta daga mai kaushi lamba 220 zuwa 400 zuwa 600. Jan ya fita, baƙaƙen ɗigon suka zauna, na bar su.

Na zaɓi ƙaho maimakon itace saboda ina son abin da ruwa ba zai ruɓar da shi ba irin na farko. Da sassafe na tafi mayankar Oko-Oba, wadda kowa ke kira Abatuwa. A can shanu daga Arewa suke ƙarewa: bunaji farare, rahaji jajaye masu dogayen ƙahoni, bokolo da ƙahonsu bai taka kara ya karya ba. Wani mahauci da muka yi allo tare ya bar ni na tona tarin ƙahoni. Kawu ya ce in ɗaga kowanne a rana in duba, in ƙwanƙwasa in ji, in guji mai tsaga ko mai ɓawo-ɓawo. Na dawo da guda uku. Ɗaya ya fi kwanta mini a rai: fari daga gindi, ya koma ruwan zuma a tsakiya, ya ƙare da baƙi a tsini.

Ƙaho ba ƙashi ba ne, irin abin da ke farce da gashi ne, ƙashin yana daga ciki. Sai an dafa shi a ruwa sosai sannan a buga gindin a kan itace, ƙashin ya zame ya fito. Warinsa ba kaɗan ba ne, shi ya sa a bayan maƙera muka yi, cikin tsohuwar garwa. Bayan ya bushe na sa zarto na yanko sassa biyu daga inda ya fi kauri. A lanƙwashe suke fitowa, dole a miƙar da su. Ruwan zafi ba ya ratsa mai kauri, sai mai. Muka ɗora man gyaɗa a wuta, a tsoma ƙahon na ɗan lokaci, a ciro da awartaki, in ya yi laushi kamar danyar fata a sa shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe a matse da bais.

Na farko na bar shi ya daɗe a man, ya yi ƙuraje, ya dare falle-falle, wari kamar ana babbaka. Na biyu ya miƙe tas, na yi murna, na ciro shi washegari na fara aiki. Kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na zo na tarar ya koma ya lanƙwashe kamar yadda yake a kan saniya. Ranar na zauna a bakin maƙera na yi hawaye, kuma na san ba ƙahon kaɗai nake yi wa ba. Kawu ya bar ni sai da na gama. Ya ce ƙaho ba ya manta siffarsa da wuri, sai an bar shi a matse ya yi makonni. Wanda na fi so ɗin nan shi ne ya rage. Muka miƙar da shi, muka ɗaure, ya ce kada in kusance shi sai wata ya zagayo.

Wannan watan na jira shi ne ya canza mini hanya. Tun da ba ni da wurin zuwa, kullum ina maƙera. Na karɓi zuga-zugi daga hannun yaronsa, na fara wanke wuƙaƙe, daga nan Kawu ya fara tura mini mahautan da ƙotar wuƙarsu ta karye. Na koyi sa ƙotar itace, na koyi buga ƙusa ba tare da na fasa ta ba. Abin da ake ba ni ba yawa, amma na daina shiga gida hannu wofi. Muna aiki yana ba ni labarin Baba, yadda suka sauka Ikko a saman motar goro ba su san kowa ba, yadda yake ware farsa ya ba tsofaffin mata kyauta kowace Juma'a. Wata rana, yana bugun ƙarfe bai ko dube ni ba, ya ce, "Ranar da ka yi masa maganar nan ina wurin. Da daddare ya zo nan. Ka san me ya ce? Ya ce yaron yana da hannu, haƙuri ne bai zo masa ba tukuna, zai zo." Na tambaye shi ko Baba ya riƙe ni a zuciya. Ya ce, "Wanda ya riƙe ka ba ya yi maka wannan fatan." Ban iya cin abinci ba a ranar.

Da wata ya cika muka kwance ƙahon, ya tsaya a miƙe. Tun da yanzu ƙotar ɓari biyu ce ba guda ba, sai an yi mata shimfiɗa ta ciki da za ta riƙe ƙarfi. Na je Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafa, na samo siririn fallen tagulla, na ɗora tsohon itacen a kai na zana, na yanka biyu. A tsakaninsu ta baya na sa wani siririn yanki na baƙin tsinin ƙahon, kaurinsa daidai da kaurin wuƙar, don kaifin ya sami ɗakin kwanciya. Ƙusoshi kuwa daga sandar tagullar masu walda na yanko su. Hujin da ya fi ba ni tsoro shi ne na ƙusar da wuƙar ke juyawa a kanta, domin in ya kauce ko da kaurin farce, ƙullin ba zai faɗa raminsa ba, wuƙar ba za ta kulle ba. Na gwada a katako sau uku kafin na taɓa tagullar.

Na manne ƙahon a jikin tagulla da Araldite, na bar shi ya kwana. Wajen buga ƙusar juyi Kawu ya koya mini dabara: a cusa tsohuwar reza tsakanin wuƙar da tagulla kafin a fara bugu, in an gama a zare ta, sai ya zama an bar mata ɗan sararin motsi. Bugun kuma ba na ƙarfi ba ne. Da ƙaramar guduma ake bi gefen kan ƙusar ana zagayawa, ɗas, ɗas, ɗas, har ya baje kamar hula. In ka yi gaggawa ƙusar ta kumbura a ciki ta tsaga ƙahon, aikin wata biyu ya tashi a banza. Ina bugu ina salati.

Sassaƙar ce ta fi ɗaukar ni lokaci, kuma ita na fi jin daɗi. Na ɗan ƙara mata kauri fiye da ta asali don hannuna ya fi na Baba faɗi, na huda ƙarshenta don igiyar fata. Amma a tsohon itacen, gefen da bai ruɓe ba, akwai wani ɗan kwari mai santsi kusa da wuya, inda babban yatsansa ya shekara yana zama. Na auna shi da zare da idona, na sassaƙa irinsa a ƙahon, a daidai wurin. Sannan na wasa bakin ƙusa ya zama ɗan mitsitsin kurfi, na haƙa gurbin watan da tauraron, na kwantar da su. Samfefa har lamba 1000, sannan toka mai laushi a tsumma, sannan man kaɗanya. A nan ƙahon ya nuna kansa: farin ya yi kamar nono, ruwan zumar har haske ke ratsa shi ka hango tagullar a ƙasa. Kaifin a dutse na wasa shi da ruwa, ina bin ƙugun yadda yake. Wani baduku ya ɗinka mata 'yar jaka ta jar fata. Ba na yawo da ita, Legas ba garin da mutum zai sa wuƙa a aljihu ya shiga mota ba ne. A gida take, ina shafa mata mai duk Juma'a saboda irin ƙarfenta ba ya jure danshi.

Na kai wa Yaya ɓarɓashin itacen a ƙulle cikin hular Baba, kamar yadda muka yi alkawari. Ya karɓa, ya dubi wuƙar, ya ce ta yi kyau amma ba ita ba ce. Ban yi masa musu ba.

Inna na kai wa daga ƙarshe, bayan la'asar, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata a tafin hannu a rufe. Ta shafa ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan sanyi gare ta. Ta Malam ba haka take ba." Sai yatsanta ya faɗa ɗan kwarin nan, ta tsaya. Na karɓa a hankali na buɗe ta kusa da kunnenta. Ƙas, ƙas, ƙas, taf.

Ta juya fuskarta wajen ƙofar gida, kamar yadda take yi da can in ya dawo daga kasuwa. Ta daɗe a haka. Sannan ta laluba bakin zaninta ta kwance ƙulli, ta ciro goro ɗaya fari, ta miƙo mini.

"Fasa mana," ta ce.